Tsibin Kyaftin Desmond

A garinmu Kinnabil, in ka hango farar a-kori-kura ta taho da jar hular kwano zaune a kujerar gaba, an ɗaure ta da bel kamar wata babbar baƙuwa, ba sai ka tambaya ba, Desmond Kalms ne. Matarsa Glenys, in da ita ake tafiyar, baya take zama tare da kare.

Desmond shi ne kyaftin na 'yan sa-kai masu kashe gobara a garin, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Mu nan ba mu da 'yan kwana-kwana na albashi. Manoma ne da makiyayan tumaki, in jiniya ta yi kuka kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga. Shi ma Desmond yana rugawa, kada a ci zalinsa, sai dai Allah ya hore masa baiwar isowa daidai lokacin da wuta ta mutu. Sai ya fito da jar hularsa tana sheƙi, ya zagaya toka hannu a baya, ya ce, "Mun yi ƙoƙari, yara." Kullum da safe, tun kafin ya kurɓi shayi, sai ya hura wa hular nan iska ya goge ta da hannun riga.

Lacca ɗaya gare shi a duniya, kuma duk shekara in an fara ɗaure ciyawar dabbobi sai ya tara mu a zauren taro ya maimaita ta. Ciyawar da aka jibge da danshi, in ji shi, tana dafa kanta daga ciki har ta kama wuta. A soka mata rodi a bar shi ya jima. In ya fito da zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, kada a taɓa, kada a tona, don da iska ta shiga shi ke nan, a kira kyaftin. Mun haddace ta har yara suna kwaikwayonsa a makaranta.

To, a shekarar da nake ba da labari, kujerar Desmond ta fara rawa. Injin ruwan motar kashe gobara ya tsufa, tari yake yi kafin ya tashi, 'yan sa-kai kuma sun gaji da kyaftin mai zuwa duba toka. Aka fara raɗe-raɗin cewa a zaɓen bana Noelene Munro za a tsayar. Noelene ƙanwar Glenys ce uwa ɗaya uba ɗaya, gonarta na jikin ta Desmond, kuma bakinta ya fi almakashin askin tumaki kaifi.

Ana cikin haka gwamnati ta fito da tsarin biyan manoma kuɗi su killace ragowar dajin da ke gonakinsu su bar wa namun daji. Wanda kuma aka samu lowan a dajinsa, nasa kason ya fi na kowa tsoka. Lowan kazar dajin nan ce tamu da ta kusa ƙarewa, wadda ba ta kwanci a kan ƙwai. Namijin ne ke shafe watanni yana tara ganye da yashi ya yi tsibi, macen ta zuba ƙwai a ciki, ɗumin ruɓewar ganyen ya ƙyanƙyashe su. Noelene tana da kusurwar daji da mahaifinta bai taɓa sarewa ba, da tsibin lowan guda a ciki. Gonar Desmond kuwa, tun zamanin ubansa aka ɗaura sarƙa tsakanin katafila biyu aka share ta tas, ko inuwar da kare zai kwanta ba a bari ba. Shekara da shekaru yana alfahari da wannan.

Ranar Juma'a da yamma a mashayar garin, ana ta taya Noelene murna, kishi ya turnuƙe Desmond. Ya ajiye kofinsa da ƙarfi.

"Wai duk wannan surutun a kan ɗan tsibin nan nata ne? Wanda bai kai kwankwasona ba?"

"Mijin Yaya ya yi magana," in ji Noelene. "Kai naka ya kai ina?"

"Nawa ai sai an ɗaga kai."

"Kai da ko reshen da tsuntsu zai yi kashi ba ka da shi?"

"Can bayan madatsar ruwa. Ban faɗa ba ne don ba na son talla."

Tsoho Clarrie, wanda ya haura tamanin kuma kunnensa ke jin abin da ya ga dama kawai, ya ƙware da abin shansa. "Ɗan Kalms ba ya son talla! A rubuta wannan a bango."

Dariyar da aka yi ita ta ƙarasa Desmond. Ya miƙe tsaye, ya kafa hularsa, ya ce kowa ya shaida: kuɗin da gwamnati za ta ba shi na lowan, sabon injin ruwa zai saya wa motar kashe gobara, kyauta daga kyaftin. A zo a gani ranar da jami'ar gwamnati za ta zagaya gonaki, wadda ita ce kuma ranar zaɓe.

Noelene ta ce, "In ka nuna lowan ko ƙwansa a gonarka, na janye, kai ne kyaftin har ka tsufa. In babu fa?"

"In babu, da hannuna zan cire hular nan in miƙa miki."

"Da hannu biyu, Mijin Yaya. Ina son ladabi."

A hanyar gida Glenys ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Des, a ina muke da lowan?"

"Tsuntsu ne fa, Glenys. Kansa bai kai ƙwallon gwaiba ba. In shi zai iya gina tsibi da ƙafa biyu, ni mai tarakta me zai hana ni?"

"Shi ba ya cika baki a mashaya kafin ya fara."

Washegari Desmond ya tayar da tarakta. Matsala ta farko ita ce ganye, don wanda ba shi da itace ba shi da ganye. Amma kyaftin ba ya rasa dabara. Yana da dammunan ciyawa da ruwan sama ya jiƙa suka lalace, yana kuma da takin tumaki da ya taru a ƙarƙashin rumfar aski tun kakansa na raye. Ya kwaso ciyawa ya jibge, ya kwaso taki ya zuba, ya ƙara ciyawa, ya ƙara taki. Abin da lowan ke yi a watanni, shi ya gama kafin la'asar. Da ya tsaya ya duba sai ya ga tsibin ya kai kafaɗarsa kawai, ya tuna ya ce sai an ɗaga kai, ya koma ya ci gaba har ya kai tsayin rufin rumfa. Sannan ya lulluɓe da yashi ya danne da bokitin tarakta.

Ya ji an ce sai da danshi ganye ke ruɓewa. Ya je ya buɗe garejin 'yan sa-kai da makullinsa na kyaftin, ya fito da motar kashe gobara, ya juye wa tsibin tankin ruwan kaf. Ya mayar da motar, ya rufe gareji, yana cewa a ransa gobe zai cika ta. Da gobe ta zo sai wani aikin ya taso.

Aikin kuwa shi ne daji, don tsibi a tsakiyar fili tsirara ba zai ruɗi kowa ba. Ya sayo 'yan tsiron itatuwa ya dasa, tumakinsa suka bi bayansa suna gode masa, kafin ya kai ƙarshen layi sun gama da farkonsa. Ya zage su har kakanninsu. Daga nan ya ɗauki zarto ya bi bakin hanya yana saro manyan rassa, ya haƙa ramuka da injin kafa shinge, ya tsayar da su kewaye da tsibin, ya zagaye da waya. A ranar farko abin ya yi kyau, sai ka ce daji na gaske. Bayan 'yan kwanaki ganyen ya bushe ya yi ja.

Noelene ta tsayar da babur ɗinta a bakin shinge tana kallo.

"Mijin Yaya, me ya samu dajinka?"

"Irinsa ke nan. Wani nau'i ne na musamman."

"Na ga alama. Jiya ban gan shi a nan ba, yau har ya tsufa."

"Ki je ki ji da ɗan tsibinki."

"Shi nawa mai shi yana ciki. Gaishe da naka in ya dawo daga tafiya."

Maganar ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi, don tsuntsun ne ya rage. Da asuba ya ɗauki buhun alkama ya fara zubawa daga bakin dajin Noelene, siririn layi har gindin tsibinsa, wai lowan zai bi yana tsinta har ya ga sabon gida ya raina tsohon. Alkama kam an bi ta. Aku suka sauko garke guda suna ihu kamar ranar kasuwa. Tumaki suka tura shinge suka shigo. Daga ƙarshe jimina ta zo da 'ya'yanta, ta tarar da mutum tsugune da buhu, ta yanke shawarar buhun nata ne. Mai kai wasiƙa da ya wuce a lokacin ya rantse cewa bai taɓa sanin kyaftin na iya gudu haka ba, ya ce da haka yake zuwa gobara da ba a yi asarar rumbun su Clarrie ba. Desmond ya ce motsa jiki yake yi.

Da ya ga tsuntsu ya ƙi, sai ya ce ai yarjejeniyar lowan ko ƙwansa aka ce. Ƙwan lowan babba ne, launinsa ja-ja. Glenys tana kiwon dinya, kuma ta daɗe tana tara ƙwansu a kwando don kek ɗin da za ta kai gasar baje kolin gari, inda shekara uku ke nan Noelene na kayar da ita. Desmond ya faki idonta ya kwashe kwandon, ya jiƙa ƙwan a ruwan shayi mai kauri har suka canja launi, ya haƙa rami a saman tsibi ya binne su. Ya karya haƙoran wata tsohuwar manjagara ya bar uku, ya bi yashi yana buga sawun tsuntsu.

"Des, ina ƙwaina?"

"Dila ne. Diloli sun yi yawa bana."

"Dilan ne ya buɗe ƙofar kicin, ya ɗauki kwando, ya ƙarar mini da ganyen shayi?"

"Glenys, wannan maganar hukuma ce. In na zama kyaftin na dindindin za ki gode mini."

"To, Maigida. Allah ya kai mu." In Glenys ta kira shi Maigida, duk mai hankali yakan nemi wurin ɓuya, amma Desmond yabo ya ɗauka.

Makonni suka shige, zafin Nuwamba, wanda a ƙasarmu shi ne mafarin bazara, ya fara sauka. Desmond ya ji a rediyo cewa namijin lowan yakan soka baki a tsibi ya gwada ɗumi. Shi ba shi da baki irin na tsuntsu, amma yana da rodi. Ya soka shi can ciki, ya je ya sha shayi, ya dawo ya damƙe shi da hannun dama ya fizgo. Ihun da ya yi sai da karen ya shige ƙarƙashin mota. Rodin ya faɗi yana huci, tafin hannunsa ya tashi fari fat.

Yanzu fa, ko ɗan firamare a Kinnabil ya san ma'anar wannan, don daga bakin Desmond ya koya. Amma shi a wurinsa wancan darasin na ciyawa ne, wannan kuwa tsibin lowan ne, kuma tsibin lowan ɗumi ake nema a cikinsa. Ya shigo gida yana yarfe hannu, baki har kunne.

"Glenys! Na Noelene ɗumin jikin jariri ne kawai. Nawa ko rodi ba ya riƙuwa!"

Glenys tana ɗaure masa hannu ta dube shi. "Ba kai kake cewa in rodi bai riƙu ba a kira kyaftin ba?"

"To ga ni. An kira ni, na duba, lafiya lau."

Ranar zagaye ta zo. Duk garin ya fito, maza da rigunan zuwa coci, mata da kwanukan kek da butocin shayi, aka ɗora murhun gashin nama a bayan mota. An fito da motar kashe gobara ma an wanke ta, saboda zaɓen da za a yi da yamma. Jami'ar gwamnati ta iso daga birni, wata doguwar mace mai suna Anthea Lim, mai magana a hankali da kallon mutum har ya tsargu. Aka fara da gonar Noelene. Aka tsaya nesa shiru, aka ga ɗan tsibi daidai kwankwaso, da wani tsuntsu mai ruwan ƙasa yana watsa yashi da ƙafa, ko ɗaga kai bai yi ya dube mu ba.

"Shi ke nan?" in ji Desmond da ƙarfi. "A biyo ni a ga aiki."

Jerin motoci ya bi bayan farar a-kori-kura har bayan madatsar ruwa. Da aka fito kowa ya ɗaga kai, wannan kam bai yi ƙarya ba. Ga tsibi kamar an binne coci, kewaye da jajayen rassa masu kakkaɓe ganye. Wani ƙamshi-ƙamshi na tashi, irin na sukari da ya fara ƙonewa a tukunya. Tsoho Clarrie ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya juya ya je ya gyara wa motarsa tsayuwa ta fuskanci hanyar fita.

Anthea Lim ta zagaya tsibin sau ɗaya, ta tsaya.

"Malam Kalms, tsuntsu ne ya gina wannan?"

"Kyaftin Kalms. Ƙwarai kuwa. Mai himma ne."

"Ga sawun tayar tarakta a nan."

"Nakan taimaka masa da ɗauko kaya. Maƙwabtaka ke nan."

Ta kama ɗaya daga cikin itatuwan ta ɗan ja, ya fito a hannunta, gindinsa a yanke sumul. Ta mayar da shi ramin a hankali kamar mai ba da haƙuri.

"Ba ya son dogon saiwa," in ji Desmond. "Ƙasar nan da tauri."

Ta sunkuya kan sawun. "Duk sawun nan shiga suke yi. Babu mai fita ko ɗaya."

"To ai yana ciki."

"Tun yaushe?"

"Mai son gida ne."

"Ya gaji ubangidansa," in ji Noelene. "Shi ma ba ya fitowa sai an gama aiki."

Mutane suka fara tuntsirewa da dariya. Anthea ba ta yi dariya ba, ta nuna saman tsibin inda wani siririn farin abu ke fita. "Wancan fa?"

"Tururi ne. Alamar lafiya."

Wani daga cikin 'yan sa-kai ya ce, "Kyaftin, anya ba a soka rodi ba kuwa?"

"An soka," in ji Glenys daga wajen teburin shayi. "Ku dubi hannunsa."

Duk idanu suka koma kan farin bandejin. Iyaye suka fara jan 'ya'yansu baya. Desmond ya ga taron na neman kuɓuce masa, ya ga Noelene ta harɗe hannu tana kallon jar hular da ke kansa kamar mai auna ko za ta yi mata daidai. Zuciyarsa ta tafasa. Ya fizgi cebur.

"Ƙwai aka ce ko? Ƙwai za ku gani!"

"Des, kada ka tona!" Murya kusan ashirin ce ta faɗa tare, kuma da irin lafazinsa suka faɗa. Shekarun lacca ba su tafi a banza ba, kowa ya koya sai mai koyarwa.

Ya haura yana nutsewa har gwiwa, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya saboda takalmansa sun fara laushi. Ya tona saman, ya tarar da ƙwan, ya rasa abin zubawa, ya cire jar hular ya dinga jefa su ciki yana hura yatsu. Ya miƙe tsaye a ƙololuwa, ya ɗaga hular sama don kowa ya gani.

"Ga su nan! Noelene, ki janye!"

A bayansa ramin da ya buɗe ya ja iska, ya yi wani irin gurnani, wuta ta tashi fuu. Kyaftin ya sauko ba ta hanyar da ya hau ba. Da mazaunai ya gangaro, gira a babbake, amma hular na rungume a ƙirji, ko ƙwai ɗaya bai zube ba. Nan take busassun rassan dajinsa na musamman suka karɓa, ɗaya na miƙa wa ɗaya. Iska kuma ta nufi shingen Noelene, inda dajin gaske yake da lowan na gaske.

Abin sa'a, duk 'yan sa-kai suna wurin, ga mota a wanke. Aka ruga aka ja tiyo, injin ya yi tarinsa ya tashi, wanda ke riƙe da bakin tiyo ya kafa ƙafa ya ce a sake. Tiyon ya yi atishawa sau biyu, ya tofar da abin da bai cika kofin shayi ba, ya kwanta.

"Wa ya taɓa tankin?" in ji Noelene.

Desmond ya ce, "Wataƙila yoyo yake yi."

"Makulli nawa garejin yake da shi, Mijin Yaya?"

Desmond ya kau da kai. Ya buɗe baki ya fara ba da umarni, wannan ya je can, wancan ya dawo nan, amma kyaftin da ba hula a kansa, gira babu, rungume da ƙwai, ko karensa bai saurare shi ba. Noelene ta haye bayan mota ta raba aiki. Mutum biyu su tayar da taraktar Desmond su nome fili tsakanin wuta da shinge. Masu tankin feshi a motocinsu su cika a madatsa. Sauran su jiƙa buhuna su bi tartsatsi. Mata suka juye butocin shayi a kan ciyawar da ta kama kusa da teburi. Jami'ar gwamnati ma ta tuɓe rigar sama ta shiga layin miƙa bokiti. Aka yi ta fama, hayaƙin takin shekara hamsin yana shiga hanci da ido, har wutar ta tsaya 'yan taku kaɗan daga shingen Noelene. Tsibin kansa aka bar shi yana ci, don wannan sai ya gama da kansa.

Sai da komai ya lafa Desmond ya matso, hannu a baya bisa al'ada, ya dubi toka. Ya buɗe baki.

"In ka ce mun yi ƙoƙari," in ji Glenys, "a rumfar aski za ka kwana."

Ya rufe bakin. Amma bai saduda ba. Ya ɗauko hular daga inda ya ajiye ta a kan teburi, ya kai gaban Anthea Lim, wadda fuskarta ta yi baƙi da toka.

"Duk da haka, ranki ya daɗe, ƙwan na nan. A duba. Yarjejeniya ƙwai ta ce."

Kafin ta miƙa hannu Tsoho Clarrie ya riga ta. Ya ɗauki guda, ya ƙwanƙwasa a gefen hular, ya ɓare shi tsaf, fari sol, ya gutsura. Ya tauna a hankali kowa na kallonsa.

"Na dinya ne," ya ce. "Ya ɗan wuce dahuwa. Akwai gishiri?"

Glenys ta miƙa masa gishiri. "Ku ci, jama'a. Kek ɗina ne na gasa, Maigida ya ga ya fi kyau a ci shi haka."

Abin da aka daɗe ana dannewa ya fashe. Manya-manyan maza suka zauna a ƙasa suna riƙe ciki. Aka bi layi kowa na ɗaukar ƙwai daga jar hula, ana haɗawa da burodi da gasasshen nama. Anthea Lim ta ce a hankali cewa ofishinsu ba shi da wani tsari na biyan dafaffen ƙwai, sannan ita ma ta ɗauki ɗaya, don ta sha wuya.

Ba a koma zauren taro don zaɓe ba. Clarrie ya ce masu son Noelene su ɗaga hannu, hannaye suka tashi da ɓawon ƙwai a yatsu. Glenys ta ɗaga biyu. Aka ce masu son Desmond, ya ɗaga nasa mai bandeji, ya waiwaya, ya sauke.

Ya ɗauki hular. Babu komai a ciki sai ɓawo da gishiri, toka ta dusashe janta, gefe ɗaya ya ɗan narke. Nan ne dariya ta fara raguwa, don kowa ya ga idon mutumin ya kawo ruwa, kuma ba hayaƙi ba ne. Wauta dai ya yi ta, amma hular nan yana sonta tsakani da Allah, ban san abin da ya fi so a duniya ba. Ya riƙe ta da hannu biyu kamar yadda aka yi alkawari, ya miƙa.

Noelene ta leƙa ciki ta yamutsa hanci. "Haka za ka ba ni ita tana ƙarnin ƙwai? Wanke ta tukuna, Mijin Yaya."

Desmond ya taka zuwa motar kashe gobara, ya tara hular a ƙarƙashin ɗan famfon da ke jikin tanki, ya murɗa. Ko ɗigo. Ya tsaya yana kallon famfon, mu kuma muna kallonsa. Sai ya kakkaɓe ɓawon, ya hura wa hular iska, ya goge ta da hannun riga ciki da waje har ta yi sheƙi, ya dawo ya ɗora ta a kan Noelene.

Da za su tafi gida, Glenys ta buɗe ƙofar gaba ta zauna, ta ja bel ta ɗaura.